Baƙar mota a hunturun Jos: me zan yi mata tsakanin wanki da wanki?

Abban Khadija

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen masu fenti da kuma waɗanda suka daɗe suna riƙe da baƙar mota a garin nan.

Corolla ce ƙirar 2010, baƙa wuluk, 'yar Kwatano. Wanda ya duba min ita lokacin saye ya ce fentin kamfani ne a jikinta, in ban da bambar baya da aka taɓa fesawa. A Rikkos nake zaune, gidan haya, babu gareji, a tsakar gida take kwana gefen bishiyar mangwaro. Ranar Asabar nake kai ta wanki, ta fito tana ɗaukar ido. Amma tun da hunturun nan ya kankama, kafin Litinin da yamma ta koma ruwan ƙasa. Na safe ne ya fi damuna: ƙura ta kwanta da daddare, raɓa ta sauka a kanta da asuba, hantsi ya fito ya busar, sai ka ga bonet da rufi duk sun yi dabbare-dabbare.

Ƙanin matata da ke karatu a jami'a yana zaune da mu. Yaron kirki ne, ba wanda ya sa shi, kullum kafin in fito ya ɗauko tsohuwar singileti ya goge ta tas. Shekaranjiya bayan isha'i na tsaya shan mai a titin Bauchi, farar fitilar gidan man ta haske bonet ɗin, sai na ga wasu siraran layuka zagaye-zagaye sun cika shi, har kan but. Da rana sai ka karkata kai kafin ka gan su. Wallahi raina ya ɓaci, don na sha wuya kafin na haɗa kuɗin motar nan, kuma ina so ko sayarwa ta kama a same ta da daraja.

Wankin kullum ba zai yiwu ba. Rijiyar gidan ta ja baya, ruwan garuwa muke saye, ba zan kwarara wa mota abin da za a yi girki da wankan yara da shi ba. To me ake yi tsakanin Asabar da Asabar? Burushin kakkaɓe ƙura da ake talla a kasuwar Taminus yana da amfani? Ko rigar mota zan saya? Ga kuma jemagu, tun da mangwaron ya yi fure ba sa barin mu, kuma kashinsu ko an wanke sai ka ga wurin ya dushe, ba ya sheƙi irin na gefensa.

Ɗan Bukuru

Wa alaikumus salam. Alhaji, baƙar mota a Jos ai sai haƙuri. Ni Sharon nake ja, Jos zuwa Bauchi, ruwan azurfa ce, kuma duk safiya a tasha tsumma nake jiƙawa in matse in bi ta da shi, ban ga ta yi komai ba. Ka ce wa yaron ya daina gogewa a bushe, ya riƙa jiƙa tsumman. In kana son sheƙi ka ɗiga kananzir kaɗan a ruwan, haka muka taso muka ga iyayen gidanmu suna yi. Ka kuma sayi riga ka riƙa rufe ta da daddare, ka huta da jemagu.

Sale Fenta

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Fenti ne sana'ata, a Farin Gada nake, kuma irin bonet ɗin da ka kwatanta shi ake ta kawo mana duk shekara da zarar hunturu ya juya baya. Ba ƙurar ce kaɗai ta karce maka mota ba, ita da singiletin ce suka haɗu. Ƙura in ta kwanta aka ƙyale ta, muni kawai take sawa. Sai hannu ya danne ta ya ja, sannan take yanka.

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai firama a kan ƙarfe, sai kala, sai kiliya a sama, wadda ita ce mai sheƙin, kuma ba ta da launi. Duk ƙyallin da kake gani ranar Asabar na kiliyar nan ne, kaurinta kuwa bai kai na takarda guda ba. Ƙurar garin nan akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, ka murza ta tsakanin yatsu biyu za ka ji tana ƙaras-ƙaras. Tsumma ya kwaso wannan yashin ya bi bonet da shi, aikin sanfefa ke nan, irin wanda muke yi da gangan kafin mu fesa. Kuma zagayen da ka gani ba wai don yaron yana gogewa a kewaye ba ne. Karcen ta ko'ina ya bi, fitilar ce take haska waɗanda suka kewaye ta, shi ya sa in ka matsa sai ka ga zagayen ya bi ka.

Ɗan Bukuru ɗan'uwana, ba musu nake da kai ba, amma ka kai Sharon ɗinka ƙarƙashin fitilar da Alhaji ya tsaya, ka sunkuya. Karcen yana nan. Ruwan azurfa da fari suna ɓoye shi, baƙi da shuɗi mai duhu ne ba sa rufa asiri. Jiƙaƙƙen tsumma guda ɗaya da aka matse kuwa, a shafa ta farko ya cika da laka, sauran motar duk da lakar nan ake bin ta. Kananzir yana da wurinsa: in kwalta ta fallatsa a ƙasan ƙofa, ka ɗiga a ƙyalle ka narkar da ita, ka wanke wurin da sabulu nan take. Amma a ruwan wanki, yana cire wakis, wato kakin da ake shafawa don kare fentin, ya bar maiƙo, maiƙon kuma ya kama ƙura fiye da da. Sheƙin na rabin yini ne. Robobin gilas ma ba sa son shi.

Abin da zan ce ka yi daga Lahadi zuwa Juma'a, mafi yawansa bari ne. A goge gilasai, madubai, fitilu da lamba, don ka ga hanya kuma a gan ka. Jikin a bar shi da ƙurarsa. Na san yana da ciwo mutum ya shiga ofis da mota ta yi buɗu-buɗu, amma a watan Janairu kowa haka tasa take, kuma ƙura tana fita ranar Asabar, karce ba ya fita sai an ci kiliya.

In akwai inda dole sai ta fita fes, ɗaurin aure ko makamancinsa, bokiti biyu sun isa in an bi a hankali. Na farko ka ɗiba da buta ka zuba daga rufi zuwa ƙasa, kada hannu ya taɓa, ruwan ya tafi da yashin. Na biyu ka sa shamfu na mota, ka tsoma tawul ɗin maikurofaiba, mai laushin nan na goge mota, ya jiƙe sharkaf, ka ninka shi huɗu, ka ja a miƙe sau ɗaya ba tare da dannawa ba, ka juya fuska mai tsabta, ka sake ja. Sama tukuna, ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe, don can ne yashi ya fi yawa. Ka ɗauraye, ka tsane da busasshen tawul. A yi shi da sassafe ko bayan la'asar. In bonet ya yi zafi ruwan bushewa yake kafin ka kai gare shi, ya bar tabo.

Sannan wankin Asabar ɗin ma ka tsaya a kai, kada ka ba da makulli ka tafi shan shayi. Yaran wankin mota da yawa soso ɗaya suke bin taya da shi su dawo kan ƙofa, ya faɗi ƙasa su ɗauka su ci gaba. Ba mugunta ba ce, ba a nuna musu ba ne, kuma sauri suke don layi. Ka je da tawul ɗinka da shamfunka, ka ce a fara fesa mata ruwa sosai kafin a sa hannu, kuma kada a sa omo. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo a tufafi, to haka yake wanke wakis. Ka ƙara wa yaron ɗan wani abu a kan kuɗinsa, gobe da ya hango ka zai ajiye soson taya gefe.

Wakis shi ne abin da zai sauƙaƙa maka komai. Bayan wanki mai kyau, a inuwa, a shafa siriri, a bari ya yi fari-fari, a goge da tawul mai laushi. Motar da ke da wakis ƙura ba ta manne mata sosai, ruwan buta kaɗai yana kwashe mafi yawa. Yadda za ka gane ya ƙare: ka watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, yana nan, in ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi. Ka lura da abin da za a sayar maka, don wasu gwangwanayen kwamfawun ne, man da muke gurza fenti da shi don cire karce, shi kuma cin fenti yake, ba na shafawa kowane wata ba ne.

Riga kuwa, sai a kan motar da aka wanke yanzu. Ka rufe mai ƙura, iskar Disamba ta kwana tana kaɗa rigar, da safe ka tarar gefen rufi da kan madubi sun goge. Ta leda mai arha kuma tana tara gumi a ƙasa. Da kuɗin riga mai kyau gara ka roƙi mai gida ya bar ka ka kafa 'yar rumfa, sanduna huɗu da kwano ko tampol a sama, ba ya taɓa motar. Ita ce ke tare raɓa, kuma raɓar ce ke mayar maka da ƙura laka.

Maman Sadiq

Malam Sale ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni kan jemagun zan tsaya, don makarantar da nake koyarwa duk wurin ajiye motocin ƙarƙashin bishiyoyi ne.

Abban Khadija, ƙura tana iya jiran Asabar, kashin jemage da na tsuntsu ba sa jira. Suna da tsami mai cin fenti, in rana ta gasa bonet kuma sai ya kama, shi ne dushewar da kake gani bayan an wanke. A aljihun ƙofata kullum akwai gorar ruwa da na huda murfinta da allura, da tishu, da ɗan tawul a cikin leda mai zif don kada ya sha ƙura. In na fito na gani, sai in tsiyaya ruwa a kai, in shimfiɗa tishu in ƙara jiƙa shi, in bar shi kamar minti biyar, ina gaisawa da mutane ko ina ɗaura wa yara bel. Ya yi laushi, sai in tattaro shi sama da yatsu, in jefa a leda. Ba a murzawa ko kaɗan, don na jemage akwai 'ya'yan itace da ɓawo a ciki, na tsuntsu kuma da tsakuwa. In bai fita duka ba a sake jiƙawa. Daga nan a ƙara ruwa a ɗan dangwala tawul. Ka wanke hannu da sabulu bayan nan, jemage ba abin wasa ba ne.

Mangwaron ma kansa yana zubo da ɗanƙo lokacin fure, ka shafa rufin za ka ji yana kama hannu. In tsakar gidan da fili, ko taku biyar ka matsar da ita daga ƙarƙashin rassan.

Abu biyu ƙanana. In an zuba maka mai ya ɗiga a bakin tanki, ka bi shi da ruwan gorar nan take. Sannan yara: rubutu da yatsa a jikin mota mai ƙura, da jingina jakar makaranta a ƙofa, duk suna barin layi. Nawa sai da na tsaya na nuna musu a rana suka gani da idonsu kafin suka daina.

Sai maganar ƙanin maman Khadija. Don Allah kada ka nuna masa kamar ya yi ɓarna, yaron da ke tashi cikin sanyin Jos ya goge motar mijin yayarsa ba tare da an sa shi ba, ba a samunsa ko'ina. Ka sayo tawul biyu masu launi daban, ka ce wannan na gilas ne, wannan na dashbod, ka ce mai fenti ya hana taɓa jiki a bushe. Ya riƙa kakkaɓe kafet ɗin ƙafa, ya duba maka ko jemagu sun yi aikinsu da daddare. Tawul ɗin kuma a wanke su su kaɗai, kada a haɗa da kayan gida, a shanya a ɗaki. Wanda ya faɗi ƙasa ya koma na taya.

Nura Kubwa

Gaisuwa ga manya. Ni a Gangare aka haife ni, aiki ya kawo ni Abuja, kuma baƙar Accord nake ja, don haka ciwon ɗaya ne.

Ƙarin bayani kan abin da Oga Sale ya faɗa. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga Sahara iskar arewa maso gabas ke kwaso shi, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Shi wannan lallausa ne ƙwarai. Amma a hanya yana haɗuwa da jar ƙasar unguwa da yashin da tayoyi ke tayarwa, a ciki kuma akwai ma'adinin kwatz, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yake mataki na 7, sama da gilashin taga. Kiliyar kamfani kuwa yawanci maikuron 40 zuwa 50 ce, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba ko ta tsaya daidai nan. Ga Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, sanyi yana ruɗin mutum amma ranar tana da ƙarfi. Kiliyar ce ke tare wa kala wannan ranar, shi ya sa motar da aka cinye wa kiliya rufinta ke fara yin fari yana ɓarewa.

Kan matsalar ruwa, akwai sinadarin wanki da ba ya buƙatar ɗauraya. Wanda na sani shi ne Optimum No Rinse, ana zuba kamar mililita 30 a ruwa lita 8. Ina jiƙa tawul da yawa a bokitin, in fesa ruwan a fanel guda, kamar ƙofa ko bonet, da kwalbar feshi ya jiƙu, in ɗauko tawul ɗaya in ja, in ya yi datti ba ya komawa bokitin, sai in ɗauko wani. Bokiti guda yana gama mota. Amma gaskiya don ƙurar kwana biyu ko uku ne. In ka dawo daga ƙauye ta yi kauri, sai an fara fesa ruwa. Kuma jabu sun yi yawa a kasuwa, ka saya inda za ka iya komawa.

Burushin da ka tambaya, na Taminus mai gashin roba ban yarda da shi ba. Akwai na zaren auduga da aka jiƙa da kakin farafin, shi yana ɗauke ƙura maimakon ya ja ta, amma sai busasshiyar ƙurar yini ɗaya, kuma a bar bakin zaren kawai ya taɓa. Da raɓa ta sauka a kai, aikinsa ya ƙare. Tunda taka a waje take kwana, sai dai ka yi amfani da shi da yamma kafin ka taso daga ofis.

Za a ce maka ka yi siramik, wani ruwa da ake shafa wa fenti ya bushe ya yi tauri, nan Abuja ana ta yayinsa. Yana sa wanki sauƙi kuma ya fi wakis daɗewa, amma ba ya hana karce in aka goge a bushe, kuma sai an gyara karcen da ke akwai kafin a shafa. Mu nan abin da ya fi cin mu ƙurar gine-gine ce da ta masu fasa dutse wajen Mpape. In siminti ya ɗiga a mota ya bushe, ruwan binega da aka sirka da ruwa yana sassauta shi, a ɗauraye sosai, a mayar da wakis.

Abban Khadija

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na yi yadda kika ce, yaron ya karɓa da hannu biyu, shi ne ma ya huda gorar. Mai gida ya yarda da rumfa in dai ba zan fasa simintin tsakar gida ba, za mu sa sandunan a tsofaffin tayoyi a cika su da kankare.

Malam Sale, saura karcen da ya riga ya samu. Wani a wurin wanki ya ce zai bi min ita da inji ta dawo sabuwa a awa ɗaya. In ba shi, ko in dakata?

Sale Fenta

Ka dakata, Alhaji. Ka fara gwadawa da farce: ka ja shi a hankali ya tsallaka karcen. In bai maƙale ba, a saman kiliya yake, folish mai laushi zai fitar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, inji ba zai cire shi ba sai dai ya cinye na kewaye. Irin na singileti yawanci na sama ne. Ko ka watsa ruwa, in layukan suka ɓace yana jiƙe, labari mai daɗi ne.

Amma kowane bi da inji rage kiliya yake, kuma ba ta tsirowa. Ka yi yanzu, hazo bai tafi ba, kafin Maris wasu sun sake fitowa. Ka sa wakis ranar Asabar mai zuwa, zai cike wasu ya rage ganinsu, ka lallaɓa har ruwa ya sauka a Afrilu ko Mayu, sai a yi sau ɗaya a yi mai kyau. Wanda zai yi ka tambaye shi da me zai bi ta. In ya ɗauko injin gurza ƙarfe ya ɗaura masa gashin tunkiya da kwamfawun mai kaushi, ka karɓi makullinka, don a gefen bonet da kan layin ƙofa fenti ya fi siranta, nan take yake ƙonewa. A fara da soso mai laushi a ɗan wuri kan but, a fito da ita rana ka duba, sannan a ci gaba. Ka kuma gaya masa bambar baya ba fentin kamfani ba ce, roba ce kuma ba ta son zafi, ita da hannu za a bi ta.